Tauraron ɗan'adam yana ganin gonakin Safana, amma wa zai taka ya tabbatar?

A watan Satumba na 2021, daidai lokacin da gero ya nuna ana shirin yanka, wayoyin salula suka yi shiru a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina. Safana da Batsari na ciki, haka ma Jibiya, Ɗanmusa, Kurfi da Dutsin-Ma. Gwamnatin Aminu Bello Masari ce ta nemi a katse sabis, domin raba 'yan bindigar Dajin Rugu da masu kai musu rahoto daga cikin gari. A tsakanin nan ne kuma aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka dakatar da sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan.

Waɗannan watannin su ne lokacin da ake tattara bayanan damina a duk faɗin ƙasa: nawa aka shuka, nawa aka girbe, nawa ake sayar da tiyar gero, gida nawa ne suka fara rage cin abinci. Jami'in da ya saba buga waya Runka ta Safana ko Ruma ta Batsari ya tambayi farashi ya rasa wanda zai kira. Wanda ya saba cika takardar tambayoyi a waya ya tura Abuja nan take, sai da ya nemi garin da ke da sabis. Amma a sama, taurarin ɗan'adam na Turai da ake kira Sentinel-2 ba su fasa wucewa ba. Duk bayan kwana biyar suna ɗaukar hoton kowace gona a Safana, kuma hotunan suna nan a intanet kyauta har yau. Hoto ya samu, wanda zai ce ga abin da ke cikinsa ne ya yi wuya.

Sana'ar da ake kira aikin bayanai da fasahar zamani a harkar noma tana zaune ne a tsakanin waɗannan biyun. A tarurrukan otal a Abuja ana nuna ta da taswira mai launi da manhajar waya. A yammacin Katsina kuwa, mafi tsadar abu a cikinta shi ne mutumin da ya iya kwamfuta, ya san gona, kuma mutanen ƙauye suka yarda su gaya masa gaskiya. Na farkon ana koyonsa cikin watanni. Sauran biyun ba a sayar da su a ko'ina.

Ƙirga gona ba yau aka fara ba

Manomin Katsina ya daɗe da sanin mai ƙirga. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka shigo da harajin taki a masarautun Kano da Katsina, inda malaman taki ke auna gona da takun ƙafa, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon faɗinta. Makiyayi kuma ana ƙirga shanunsa don jangali. Sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ya soke haraji da jangali. Shekaru sun wuce, amma ɗabi'ar da wancan zamani ya haifar tana nan: idan baƙo ya zo da takarda yana tambayar girman gona, sai an fara auna ko karɓa ya zo yi ko bayarwa. In ana zaton rabon taki ne, gona sai ta ƙaru. In ana zaton bashi za a bi ko kuɗi za a yanka, sai ta ragu. Matashin da ya fito jami'a da wayar tattara bayanai a hannu ya gaji wannan tarihin ko bai sani ba.

Akwai kuma masu ƙirga na wani iri, waɗanda ya kamata duk mai son wannan sana'a ya san sunansu. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya sa ma'aikata suka zauna a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Ɗan Mahawayi, Doka da Hanwa, suna rubuta aikin da kowane gida ya yi a gona da abin da ya samu. A lokacin masana na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya alamar ci-baya ce. Alƙaluman Norman suka nuna manomi ya fi su gaskiya: haɗin yana rage asara a shekarar fari, yana kuma ba da riba mai kyau a kan wahalar da aka sha. A Batagarawa kuma, kusa da birnin Katsina, mai bincike Polly Hill ta yi amfani da hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ta fitar da taswirar gonaki, sannan ta bi su da taimakon mutanen gari ta gano mai kowace. Littafinta ya fito a 1972. Abin da ta yi da hoton jirgi da ƙafa shi ne ainihin abin da ake yi yau da tauraro da waya. Kayan aiki ne suka sauya.

Abin da ido daga sama yake gani

An harba Sentinel-2A a 2015, na biyunsa a 2017. Kowane ɗigo a hotonsu yana wakiltar fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, wato hekta ɗaya ɗigo 100 ke nan. Na'urar ba ta tsaya ga launin da idon mutum ke gani ba. Lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da ido ba ya kamawa, kuma daga ƙarfin wannan haske ake lissafa yawan tsiro da lafiyarsa. Idan aka jera hotunan damina guda tun daga Yuni har Oktoba, gonar da aka noma tana da tafiyarta daban. A farkon damina ƙasa ce tsirara saboda an share an huɗe, a tsakiya ta yi kore shar, a ƙarshe a girbe ta koma fili. Gonar da aka gudu aka bari kuwa ciyawa ke rufe ta tun ruwan farko, iyakokinta su dinga ɓacewa shekara bayan shekara har ta saje da daji.

Da wannan dabara Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta auna gonakin da rikici ya sa aka bari a yankin Mopti na ƙasar Mali a 2019, ta hanyar gwada hotunan shekarar da na shekarun kafin tashin hankali. A ƙauyuka da yawa an ga noma ya tattare ya dawo bakin gari, gonakin nesa sun koma saura. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa wasu wuraren da ma'aikata ba sa iya shiga a Sahel. Duk wanda ya san ƙauyukan bakin Rugu ya san wannan hoton tun kafin a nuna masa. Bayan kashe-kashen manoma a gonakinsu a 'Yar Gamji ta Batsari, da harin Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, da na Afrilun shekarar da 'yan sanda suka ce ya ci rayuka 47 a Safana, Dutsin-Ma da Ɗanmusa, mutane da yawa sun daina zuwa gonakin jeji, waɗanda su ne manya, suka koma noman ɗan abin da ke bayan gida.

Sai dai idon sama yana da makantarsa, kuma a irin gonakinmu ne ta fi yawa. Manhajojin da ke tantance amfanin gona daga hoto an fi horar da su ne da gonakin Amurka da Turai, inda masara zalla ke cin ɗaruruwan hekta. A nan, ɗigo ɗaya na mita 10 yana iya ƙunsar gero, da dawa da aka yi wa gicci, da wake yana yaɗo a ƙasa, ga inuwar gawo ko ɗorawa a kai. A watan Agusta, lokacin da aka fi bukatar hoto, gajimare ke rufe sama, sai a koma ga Sentinel-1 mai amfani da na'urar rada, wanda yake ratsa gajimare amma karanta shi ya fi wuya. Rogo, wanda Batsari ta yi suna da shi, arzikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake. Ƙuduji zai iya cinye dawa gona tana nan kore a hoto. Sannan babu tauraron da zai gaya maka cewa daga dami goman da aka ɗaure, an ba masu bindiga nasu kason kafin a bari a kwaso sauran.

Saboda haka dole a sami wanda zai je ya tsaya a tsakiyar gona, ya danna waya ta ɗauki lambar wurin, ya rubuta abin da aka shuka, ya auna ɗan yanki ya yanke ya sussuka ya ɗora a sikeli. Da ɗaruruwan irin waɗannan wurare ake koya wa kwamfuta ta gane sauran. Idan an tattara su duka daga gonakin Funtuwa da Bakori saboda can ne mota ke iya zuwa, to abin da kwamfutar za ta faɗa game da Safana zato ne da aka yi masa ado da launi.

Catherine Nakalembe, 'yar Yuganda da ke koyarwa a Jami'ar Maryland kuma take jagorantar ɓangaren Afirka na shirin NASA Harvest, da irin wannan aiki ta yi suna. Ta haɗa hotunan tauraro da zagayen gonaki a Karamoja, yankin makiyaya mai fama da fari da satar shanu, har gwamnatin ƙasarta ta riƙa sakin kuɗin tallafi tun kafin yunwa ta kankama. An ba ta Kyautar Abinci ta Afirka a 2020 tare da André Bationo na Burkina Faso. Na kawo ta ne don Karamoja ta fi kama da Rugu fiye da duk wata gonar gwaji da ake nunawa a taro.

Inda alƙaluman suke zuwa

Mutum zai iya tambaya, in an ƙirga sai me? Amsar tana cikin wani taro da ake yi sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, mai suna Cadre Harmonisé. Ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, wadda aka kafa a 1973 saboda babban farin wancan lokaci, ita ce ta ɓullo da tsarin, kuma cibiyarta ta AGRHYMET da ke Yamai ke kula da ɓangaren fasaharsa. Najeriya ta shiga a 2015. Jami'an ma'aikatun gona da lafiya, da na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, suna zama su baje bayanan girbi, farashin kasuwa, abin da gidaje suka ci a kwana bakwai da suka wuce, da awon damtsen yara. Daga nan a sa kowane yanki a ɗaya daga matakai biyar, tun daga lafiya lau har zuwa yunwa mai kisa. Ƙa'idar ita ce, yanki yana shiga mataki ne idan aƙalla kashi 20 cikin 100 na mutanensa sun kai wannan hali ko sun wuce. Taron ƙarshen 2024 ne ya yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci a Najeriya tsakanin Yuni da Agustan 2025. Da irin wannan lissafi masu ba da agaji ke yanke shawarar inda buhu zai sauka.

A nan gizo ke saƙar. A duk binciken da ake yi gida-gida, idan ƙauyen da aka zaɓa ba ya shiguwa saboda tsaro, ana sauya shi da wani ko a tsallake shi. Ba mugunta ba ce, babu shugaban da zai tura ma'aikacinsa a sace. Amma sakamakon shi ne, ƙauyen da ya fi kowa wahala shi ne ba ya cikin lissafi. Ƙari a kan haka, Safana da Batsari suna shiyyar Katsina ta Tsakiya ne tare da birnin Katsina. Duk rahoton da ya haɗa su wuri ɗaya ya fitar da matsakaici, to albashin ma'aikatan birni ya rufe yunwar Runka. Ga kuma matsalar da ta fi wannan tsufa: rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka kashi 20 cikin 100 ɗin ma na adadin da aka ƙiyasta ne, a yankin da dubban mutane suka bar gidajensu. Ƙidayar manoma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2022, wadda ta sami gidajen manoma kimanin miliyan 40.2, ita ce ta farko tun ta 1993 zuwa 1994.

Wani lokaci asibiti ne ke fara ba da labarin da bincike bai kama ba. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sanadiyyar tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ma'aunin da ake gano irin waɗannan yara ɗan tsiri ne na roba da ake naɗawa a damtse, in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 yaro ya shiga ja. A ganina babu na'urar tattara bayanai da ta kai shi amfani a kan kuɗinta, kuma uwa ma tana iya koyon aiki da shi.

Darasin saƙon taki

Mafi yawan manoman Katsina sun fara haɗuwa da fasahar zamani a harkar noma ne a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona. Shirinsa na tallafin taki, GES, ya yi rajistar miliyoyin manoma, kamfanin Cellulant ya gina tsarin, manomi ya sami saƙo a waya cewa ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu na takin zamani a rabin kuɗi. Adesina ya sha faɗin cewa kafin nan kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin gwamnati ke isa hannunsu. Shirin ya rage wa 'yan tsakiya hanya, kuma yana cikin abin da ya sa aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2017. Amma waɗanda suka tsaya a layi sun san sauran labarin. Sabis kan ɗauke a wurin rabo, mutum ya wuni bai karɓa ba. Wani da lambar ɗansa aka yi masa rajista, ɗan kuma ya tafi ci-rani. Taki ya iso bayan an yi maimai. Mata da yawa masu gayauna ba su shiga ba, don wayar gidan a aljihun maigida take. Daga ƙarshe bashin da diloli ke bin gwamnati ya taru, aka sauya gwamnati, shirin ya lafa. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015 ya zo da lambar BVN da awon gona, shi ma bai hana manoman bogi shiga ba.

Rajista, ashe, ba abu ne da ake yi sau ɗaya a ajiye ba. Gona tana sauya hannu ta gado, ta aro, ta jingina, ta haya. A Safana an ƙara da ta gudun hijira da ta sayarwa don biyan kuɗin fansa. Rajistar da ba mai bin ta duk damina yana gyarawa, cikin shekara biyu ta zama jerin sunaye kawai. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wanda shi kansa digirinsa na uku daga Jami'ar Ahmadu Bello a fannin noma da zamantakewar karkara ne, ta ɗauki malaman gona 722, biyu a kowace mazaɓa cikin 361 na jihar, ta ba su babura. Idan akwai inda wannan sana'a za ta yi saiwa a jihar, to a hannun waɗannan ne, muddin ana zuba mai a baburan kuma akwai wanda ke karanta abin da suke turowa.

Wani abin lura shi ne, fasahar da ta fi yi wa manomi amfani ba wadda aka tsara dominsa ba ce. Mai bincike Jenny Aker ta bi farashin gero a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ke shiga gari bayan gari, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Babu manhaja, babu shiri. Ɗan kasuwa ne kawai ya sami damar kiran abokinsa a Maraɗi ko Damagaram kafin ya yi lodi. Yau ma saƙon murya na WhatsApp da shirin rediyo na Hausa sun fi yawancin manhajojin noma isa ga mai fartanya. A Nijar ɗin dai, Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar kunna injin ban-ruwa da kiran waya, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Ya fara ne daga wayar da ke hannun manomi, bai jira a sayo masa wata ba.

Hasashen damina ma haka ne. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da shi a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a sami tsaikon ruwa a tsakiya. 'Yan Katsina biyu ne suka shugabanci hukumar a jere, Farfesa Sani Abubakar Mashi daga 2017 zuwa 2021, sai Farfesa Mansur Baƙo Matazu har zuwa 2023, dukansu ta ilimin labarin ƙasa suka biyo. Amfanin hasashen ga manomin Batsari yana ga abu ɗaya: kada ruwan farko ya yaudare shi ya zuba iri, rana ta ƙone tsiron, ya sake sayen wani. Kafin ya amfana sai an sami wanda ya sauko da hasashen daga matakin jiha zuwa na ƙaramar hukuma, ya mayar da shi Hausar da ake ji, ya kuma bayyana cewa yiwuwa ce ba alkawari ba. Wannan ma aiki ne, kuma masu yin sa kaɗan ne.

Bayanan da kan iya jawo wa mutum bala'i

Akwai abin da kwasa-kwasan koyon sarrafa bayanai ba sa koyarwa, wanda duk ɗan Safana ya sani. Takardar da ke ɗauke da sunan mutum, lambar wayarsa, wurin da gonarsa take, buhu nawa ya samu da shanu nawa yake da su, ita ce daidai abin da infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ke nema. A yankin da ake sace mutum saboda an ji ya sayar da amfanin gona ranar kasuwa, tambayar buhu nawa ka girbe ba tambaya ce mai sauƙi ba. Manomin da ya rage adadi ba jahilci ya nuna ba, kansa yake tsarewa. Shi ma mai tambayar yana cikin haɗari ta fuska biyu: mutanen gari na iya zarginsa da leƙen asiri, na daji kuma su ɗauke shi ɗan rahoton gwamnati, musamman in sun gan shi yana ɗaga waya yana ɗaukar lambar wuri.

Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023. Doka dai tana takarda, amma jerin sunayen masu cin gajiyar shiri har yanzu yana yawo a zaurukan WhatsApp, ana manna shi a bangon sakatariya. Ƙwararre a wannan yanki shi ne wanda ya san abin da ba zai tambaya ba, ya raba suna da adadi kafin ya tura, ya goge abin da ke wayarsa kafin ya hau hanya, ya kuma fara gaida hakimi da mai gari kafin ya buɗe jaka. Safana ƙasar Yariman Katsina ce, Batsari ta Sarkin Ruma, kuma aikin da bai bi ta ƙofarsu da ta masu unguwanni ba yakan dawo da amsoshi masu kyau a ido marasa gaskiya. Ɓangaren makiyaya ya fi wuya. Shanu na cikin lissafin abinci, kuma Fulanin da ba ruwansu da bindiga suna cikin waɗanda suka fi asara, amma mai ƙirga da ba ya jin Fulatanci, ba shi da wanda zai gabatar da shi a ruga, zai dawo ne da shafi babu komai.

Hanyar shiga, da abin da ke cikinta

Yawancin masu wannan aiki daga ƙasa suke farawa, a matsayin masu tattara bayanai na 'yan kwanaki. A ba mutum horo, a sa masa tambayoyi a manhajar ODK ko KoboToolbox, waɗanda ke aiki ko babu sabis, a biya shi kuɗin yini. Da yawa a nan suke tsayawa, suna jiran kira daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Wanda ya wuce gaba shi ne wanda ya tambayi inda amsoshin ke tafiya, ya koyi tace su a Excel, ya gane alamun takardar da aka cika a gindin bishiya ba tare da an ga kowa ba, sannan ya shiga QGIS don zana taswira, da R ko Python don lissafi, da Google Earth Engine don hotunan tauraro. Kusan dukansu kyauta ne. Abin da ba kyauta ba shi ne kwamfuta, da wuta, da data.

Makarantu ba su yi nisa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce kuma tana da tsangayar aikin gona. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. A Zariya akwai cibiyar aikin malaman gona ta NAERLS, wadda ke zagaya jihohi duk shekara tana fitar da rahoton yadda damina ta kasance. A Jami'ar Bayero akwai Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda ta yi aiki da cibiyar binciken noma ta IITA wajen gwada manhajar Nutrient Expert mai ba manomin masara shawarar taki daidai da gonarsa. Kamfanoni irin su Babban Gona, ThriveAgric, AFEX da Hello Tractor suna ɗaukar matasa masu rajistar manoma da awon gonaki, sai dai su riba suke bi, kuma ba su cika kusantar inda ba a da tabbacin za a kwaso amfani ba. Shawarata ga mai zaɓen fanni ita ce, wanda ya karanta noma ya ƙara da kwamfuta ya fi saurin zama mai amfani a kan wanda ya karanta kwamfuta yana neman ya gane bambancin gero da maiwa.

Kada kuma a ɓoye wa matasa cewa ginin sana'ar a kan kuɗin waje yake. FEWS NET, tsarin gargaɗin yunwa da Amurka ta kafa a 1985, wanda rahotanninsa kan arewacin Najeriya ke hannun kowane mai nazari, an rufe shafinsa a Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, sai bayan watanni ya dawo. Ma'aikata da yawa a ƙungiyoyin agaji sun rasa aiki a shekarar. Akwai kuma rashin adalcin da ke cikin gidan kansa: wanda ya hau babur ya shiga inda ake tsoro shi ne mai ƙaramin kaso, sunansa ba ya fitowa a rahoto, kuma sau da yawa babu inshora a kansa. Rahoton ma da Turanci ake rubuta shi, ba ya komawa ga ƙauyen da aka tambaya. Mutanen da aka yi wa tambayoyi sau biyar ba su ga komai ba, a karo na shida gaisuwa kawai za su amsa.

A 2025 al'ummomin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da wasu ƙananan hukumomi sun yi zaman sulhu da shugabannin 'yan bindiga. Ra'ayi ya rabu a kai, kuma waɗanda suka ga yadda sulhun 2016 da na 2019 suka watse suna da dalilin yin taka-tsantsan. Masu goyon baya suna cewa an koma gonakin jeji, masu suka suna cewa an koma ne da sharaɗi. Ɓangare ɗaya na wannan gardama ana iya auna shi. Hotunan 2017, da na 2021, da na daminar da ta biyo bayan sulhu duk suna ajiye, kuma ɗalibin Dutsin-Ma mai kwamfuta da data zai iya jera su ya fitar da faɗin gonakin da aka bari da waɗanda aka sake sharewa, mazaɓa bayan mazaɓa. Abin da zai rage masa shi ne 'yan ɗaruruwan gonaki da za a taka a tabbatar, da tambayar nawa ne ya isa rumbu daga abin da aka girbe, wadda sai ɗan gari zai iya yin ta. In ana son sakamakon ya shiga taron Oktoba, dole a gama zagayen kafin a yanke gero a Satumba, wato a nemi kuɗin mai da izinin masu gari tun watan Yuni.